Kawu Isiyaku, Saura Rijiya Biyu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Bakina ya faɗa, amma har yau zuciyata ba ta gama yarda ba.

Ranar Talata, 6 ga Mayu, 2025, bayan La'asar, ina shagona a Rafin Guza da janareton wani a kwance a gabana, sai Salisu ɗan Abakpa, abokin aikinka, ya kira ni daga teku. Ya ce wayar ƙarfen injin ɗaga kaya ce ta tsinke, bututu ya faɗo, Allah Ya yi maka rasuwa nan take. Na ce ƙarya yake. Har zaginsa na yi, Allah Ya yafe mini. Yaya za a yi? Ranar Lahadi fa muka yi waya, kana min tsiya wai na fi kowa karatu a dangi, na kuma fi kowa rashin kunya.

Kawu Isiyaku, ƙanen mahaifiyata. Kai da aka haifa a Unguwar Dosa, babban ruwan da ka sani shi ne Kogin Kaduna, amma shekara ashirin da tara ka yi kana bin fili guda na iskar gas a ƙarƙashin teku. Ka je tun babu komai a wurin sai ruwa, kana ƙaramin ma'aikaci a jirgin da ke aika ƙara ƙasan teku yana sauraron abin da zai dawo. Kana nan aka haƙa rijiyar farko aka tarar da ita wayam. Kana nan aka haƙa ta biyu aka dace. Sai da aka shekara bakwai ana kafa dandamalin ƙarfe ana shimfiɗa bututu kafin gas ya fito. Sati huɗu a can, sati huɗu a gida. Da zuwanka da komawarka muke lissafin wata.

A aji uku na bar sakandare, kowa ya cire rai da ni. Kai ne ka riƙa jibgo mini tsofaffin littattafan aikinka da wani ƙamus mai yagaggen bango. Ba ka taɓa cewa in karanta ba, ajiyewa kawai kake yi ka tafi. Ranar da na tambaye ka ko gas yana ƙarewa, lemon kwalba ka aika aka sayo, ka girgiza ka buɗe, ya fesa wa Anti Hafsat, matarka, a mayafi. Ka ce haka fili yake da ƙuruciya: shi ke turo kansa. Daga baya sai an taimaka masa da inji, sannan ruwa ya fara biyo gas ɗin, sannan wata rana a ce ya isa. Anti ta ce to injiniya, wa zai wanke mayafin? Kai ka wanke.

Mun sha faɗa. Na ce wane irin gas ne kuke tonowa shekara da shekaru, matan Rafin Guza suna nan da gawayi? Ba ka taɓa musa mini ba, sai ka ce in rage murya.

Bara filin ya tsufa, aka fara rufe shi. An ba ka damar ajiye aiki, ka ƙi. Ka ce rijiyar da aka toshe da ganganci za ta yi ta tsiyaya cikin ruwan masunta bayan kowa ya watse, kuma kai ka san halin kowace ɗaya. Rijiyoyin goma sha ɗaya ne. Ka cika tara da siminti. Saura biyu, Kawu. Biyu kacal. Kuma har yau ba wanda ya gaya mana wa ya duba wayar ƙarfen nan, ko yaushe. Zan ci gaba da tambaya har su gaji da ni.

Ranar da labarin ya zo, Anti Hafsat ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta roƙa: a kawo ka gida ta ga fuskarka. Na durƙusa a gabanta na yi alkawari, na hau mota zuwa Fatakwal, inda aka kai gawarka.

A can aka ce bincike, aka ce takardu. Sai safiyar Juma'a suka sake ka, suka ce in jirgi za a sa ka, dole a yi maka allurar adana gawa, a jira Litinin. Na ɗaga murya har masu gadi suka taso. Salisu ne ya ja ni gefe, ya ce tun shekaru ka bar musu wasiyya, shi da wasu abokan aikinka biyu: in ajalinka ya zo a can, kada a yi ta yawo da kai, a kai ka maƙabartar Musulmi mafi kusa.

Na kira Anti, na gaya mata komai. Sai ta ce:

"Jamalu, kai ka ga fuskarsa?"

"Na gani, Anti."

"To, ku sa shi."

Bayan sallar Juma'a muka sa ka. Mutanen da ban taɓa gani ba suka cika sahu, abokan aikinka Kiristoci suka tsaya a gefe har aka gama. Na dawo Kaduna ni kaɗai.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Isiyaku, Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyata Maimuna, da 'ya'yansa Sa'adiya da Sharhabil, da Salisu da ya sha zagina ba da laifinsa ba. Allah Ya ba mu haƙuri.

Ke kuma Anti, na yi miki alkawari ban cika ba. Ki yafe mini.