Masarar da Malam Ya Ƙi Kaiwa Kasuwa

Kakar bana ta cika shekara bakwai da rasuwar maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa. A kakarsa ta ƙarshe ruwa ya ƙi ɗaukewa, ga tsoron 'yan bindigar daji, sai mu mutanen Ruwan Godiya muka karye masara tun ba ta gama bushewa ba, muka jibge a ɗaki. Ko tabarma ka ɗaga, warin danshi.

Malam hatsi yake aunawa a kasuwar Mairuwa. Ana gobe kasuwa sai mu zauna da faifai mu tsince. Mai haske ta shiga buhu, wadda ta yi funfuna ya turo ta gabana. Na taɓa ce masa wasu fa cakuɗawa suke yi. Ya ce, "Mai saye bai ga cikin buhu ba. Mu da muka gani, mu ci abinmu." In tuwon ya yi ɗaci sai ya ƙara miya, ya tsokane ni wai na ƙona. Shekara da shekaru haka muke, waccan kakar dai ta fi yawa.

Bayan kakar nan cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya. A asibiti aka ce hanta ce. Ajali ne, ban ja ba.

Watan jiya wata malamar gona ta zo ajinmu na yaƙi da jahilci. Ta ce funfunar nan tana barin guba a masara da gyaɗa, wanki da dahuwa ba sa kashe ta, a hankali take cin hanta, ta tsumburar da yara. Na tambaye ta ko ita ce sanadin Malam. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba. Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba.

Da yana raye ya ji, ina jin jikokinsa zai duba. Babban ɗanmu ya gaji tiyar da halin duka: mai kyau kasuwa, tsintattar kuma gida. Rannan na gaya masa abin da na jiyo. Ya ce, "Inna, abinci ne fa. Baba ya taɓa zubarwa?" Na ce babanka gudun cutar da mutane yake yi, mu ma kuwa mutane ne. Bai dai hana ni ba.

Washegari na ɗauki ƙwaryar tsintattar, kaji suna bina ban watsa musu ba, na haƙa rami a bayan gida na binne. Na ɗebi tiya biyu daga buhun kasuwa, na surfa wa yara.