Adireshin Ubale Mai Banda

Kakana Ubale mai banda ya haura saba'in, amma in ka tambaye shi sai ya ce sittin, kuma ya fi shekara goma yana kan sittin ɗin nan. A gefen Tiga yake zaune, yana bandar tarwaɗa da karfasa. Ba a gidan masunta aka haife shi ba. Ɗan manoma ne na wani ƙauye, Kukar Maikano, har lokacin da aka yi dam, aka kwashe su aka ba su wani wuri, ruwa ya hau gidaje da gonaki. Yana saurayi a lokacin. Sai ya ce tunda ruwa ya ci gonarsa, shi ma zai ci abin da ke cikin ruwan, kuma har yau bai huce ba.

Ni ce Ilham, jikarsa. Amaryarsa yake kirana, ni kuwa in ce Allah ya kiyaye, me zan yi da miji mai warin hayaƙi. Kwamfuta na karanta, ina aiki a wani shagon buga takardu a Tudun Wada. Bara kasuwa ta yi masa sanyi, masu sari duk sun koma wajen masu saka hoton kifi a waya, sai na ce zan yi masa shafi a intanet. Na yi masa bayani cewa shafin farko kamar bakin rumfa ne: mai wucewa ya ga kaya, ya ga lambar waya, ya san inda zai same ka.

Ranar ɗaukar hoto sai ga shi da babbar riga da hula, har da turare.

Na ce, "Tsoho, kifi za a saya, ba kai ba."

Ya yi ta mita, amma ya haƙura aka ɗauki kifin. Ya yarda na sa lambata, don tasa wayar kullum tana aljihun rigar da bai sa ba. Da muka zo kan adireshi sai ya kafe.

"Rubuta Kukar Maikano."

"Tsoho, Kukar Maikano tana ƙarƙashin ruwa."

"Na sani, ai a gabana ta shiga. Rubuta."

Na gaji da musu na rubuta. Bayan sati biyu wata Hajiya Saudatu, mai gidan abinci a Kano, ta ga shafin, kifin ya burge ta, ta tuƙo mota da kanta. Ta yi ta tambaya a hanya, ba wanda ya san wurin, sai wani dattijo a wajen mai shayi da ya kai ta bakin dam ya nuna mata tsakiyar ruwa. Ta kira ni ta wanke ni tas, ta ce in wasa muke mu nemi sa'anmu. Ta sayi kifinta a Bagauda ta koma.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na hau acaɓa na same shi a bakin murhu, na ce ga abin da taurin kansa ya jawo, yau zan goge sunan nan. Ya ci gaba da juya kifin da ke kan ragar banda har ya gama.

Sannan ya ce, "Amarya, mu da muka san sunan nan saura mu shida. Ba shi a taswira, ba shi a takardar kowa. Ke kika ce duk duniya za ta ga abin da kika rubuta."

Kunya ta kama ni, wallahi, har na rasa inda zan sa idona. Ni ina ta lissafin masu saye, ashe shi ba kifi ya kai intanet ba.

A nan na zauna a kan turmi na gyara. Na ɗauke sunan daga wajen adireshi na kai shi can sama, da manyan baƙaƙe: Bandar Kukar Maikano. A ƙasa hoton kifi da lamba, sai kwatancen gidan da yake yanzu, daga bakin titi har ƙofa. Na miƙa masa wayar. Bai iya boko ba, amma ya sa na nuna masa inda sunan yake, ya ɗora yatsa a kai ya daɗe.

Ya ce, "Nan wurin da kika ajiye shi, ruwa yana zuwa?"

Na ce, "Ba ya zuwa, Tsoho."

Ban gaya masa cewa in ba a sabunta shafi duk shekara ba ɓacewa yake yi. Kafin in tashi na rubuta ranar sabuntawar a wayata, da na koma gida kuma na rubuta ta a bangon ɗaki.