Safiyar da Na Hana a Sare Itatuwan Gidanmu

Akwai wata safiya ta lokacin ɗari da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Ita ce safiyar da na tsaya tsakanin gatari da itatuwan gidan mahaifinmu a Dogon Dutsi, na ce wa yayana a'a, kalmar da tun da aka haife ni ban taɓa faɗa masa ba.

Babanmu mutum ne mai son dashe. Tsakar gidanmu akwai ƙaton bedi kusa da zaure, da lemun tsami, da gwaba, da rumman, ga lalle ya bi jikin katanga, ga zogale bayan madafa. Duk shekara in sanyi ya shigo, itatuwa suka yi lamo, sai ya ɗauko adda da zarto ya yi musu aski. Ni ce mai riƙe masa tsani tun ina ƙarama. Bayan rasuwarsa babu wanda ya sake taɓa su. Suka yi duhu, rassa suka shiga juna, har wata damina reshen bedi ya karye ya faɗa kan kwanon madafa ya lotsa shi.

A lokacin aurena ya mutu, na dawo gida da ƴaƴana ina zaune da Inna. Yayanmu kuwa yana aiki a Yamai, kuma shi ne uba a gare mu. Ba zan ɓoye alherinsa ba: shi ya gina wa Inna ɗaki, shi ke kula da maganinta. Da ya ji labarin reshen sai ya yanke shawara shi kaɗai. Za a sare itatuwan duka, a daidaita ƙasa, a shuka ciyawar nan kore da ake kira gazon, irin wadda yake gani a gidajen abokan aikinsa.

Ya iso da yamma, bai ce mini komai ba. Da safe ina dama kunu, Inna tana shan hantsi a bakin ɗakinta, sai ga shi ya shigo da maza biyu, kowa da gatari a kafaɗa. Ya nuna musu lemun tsami ya ce su fara daga nan. Ban san lokacin da na ajiye ludayi ba. Na dai ga kaina na jingina baya da itacen, ƙayarsa tana sukata ta cikin riga.

"Ke, kauce su yi aikinsu," in ji shi.

Na ce, "Yaya, ba za a sare su ba."

"Mi kinka ce?"

"Na ce ba za a sare su ba. In gatarin ga zai taɓa lemu, sai ya fara taɓa ni."

Ya fara lissafo mini dalilai: sauro, macizai, ganye ko'ina, kwanon da ya lotse, ga kyan ciyawar da zai shuka a madadinsu. Ni ma na lissafo masa nawa. Na ce ruwan robine, wato famfo, yau ya zo gobe ya ɗauke, wa zai shayar da ciyawa in bazara ta kama? Ina za mu yi daka? Ina za mu shanya gero? In rana ta take, Inna ta zauna ƙarƙashin mi, ƙarƙashin ciyawa?

Nan ya faɗi maganar da har yau in na tuna sai na ji ta a ƙirjina. Ya ce, "Ke da ko ɗakin kanki ba ki da shi, ke za ki gaya mini yadda za a yi da gidan ubana?"

Masu gatari suka sunkuyar da kai. Na dube shi ido cikin ido na ce, "Ubanmu."

Ya juya wajen Inna yana jiran ta tsawata mini. Inna ta gyara mayafinta ta ce a hankali, "Ubanku bai taɓa sare icce daga gindi ba. Aski yake yi musu."

"To, wa zai yi askin? Shi ya tafi."

Na ce, "Ni."

Ya yi wata dariya marar daɗi, ya sallami mutanen, ya shiga motarsa ya koma Yamai ko kunun bai sha ba.

A ranar na fara, don na san in na bari zuciyata ta huce, tsoro zai shigo. Na zaro tsohon wandon Baba na sa ƙarƙashin zane, na ɗaure ƙugu, na jingina tsani. Na fara da busassun rassa, sannan waɗanda suka gitta juna, sannan masu leƙa kwano, yadda na ga yana yi. Duk inda na yanke sai in shafa taɓo da toka. Reshen bedi mafi girma ne kaɗai na roƙi wani maƙwabcinmu ya riƙe mini igiya har na sauke shi lafiya. Hannuwana suka yi bororo, suka fashe, ga sanyi yana shiga raunin kamar barkono.

Labari ya zaga unguwa. Mata suka riƙa shigowa wai aron turmi, alhali kallo suka zo. Wata gwaggonmu ta taso tun daga Matankari, ta tsaya ƙarƙashin tsani ta riƙe baki. Ta ce, "Mace bisa icce, kuma zawara! Wa zai aure ki in anka ji?" Na leƙo ta cikin ganye na ce, "Gwaggo, wanda bai iya ganina bisa tsani, ban son ganin shi a zaure." Inna ta rufe fuska da mayafi, ban sani ba ko kunya ce ko dariya.

Amma da na gama na sauko na duba, sai na ga abin da na yi. Gidan ya yi tsirara. Bedi ya koma kamar hannu marar yatsu, rumman ya zama sanduna. Inna ta zagaya su ɗaya bayan ɗaya tana share hawaye, ba ta ce mini komai ba. Shirun nan ya fi mini maganar Yaya zafi. Na kwana biyu ina tambayar kaina ko abin da na hana gatari ni na aikata shi da adda.

Sai na hana kaina zama. Na sa aka kawo mini jar tsakuwa daga gindin dutse a amalanke, na shimfiɗa hanya daga zaure zuwa ɗakuna. Na jera duwatsu na kewaye gindin kowane itace, na zuba takin awaki. Na haƙa ƴar magudana daga wurin alwala ta bi ta lemu ta wuce rumman, don kada ko ɗigo ya tafi banza. Tsakiya kuwa na zuba farin rairayi, wurin tabarma da daka da wasan yara. Ko tsinken ciyawa ban shuka ba.

Da zafi ya fara shigowa, wata safiya Inna ta kira ni da ƙarfi. Na fito a guje na tarar da ita tana nuna rumman: ƴan jajayen tofo sun feso ko'ina a jikin sandunan. Lemu ya biyo baya, bedi ya yi sabon gashi. Gwaba ce ba ta tashi ba. Na zurfafa yanka a jikinta, ta bushe, dole na tone ta da hannuna.

Yaya ya daɗe ba ya magana da ni. In ya kira salula, Inna kaɗai yake nema. Sai da babbar salla ya zo. Ya shigo ya tsaya, ya bi hanyar tsakuwa da kallo, ya zagaya itatuwan hannunsa a baya. Ina tsaye bakin madafa ina jira. Can ya ce, "Gwabar ta mutu."

Na ce, "Ta mutu, Yaya. Sauran suna raye."

Har yau bai ce na yi daidai ba, kuma na daina jiran ya faɗa. Muna gaisawa, muna zumunci, amma tun daga lokacin ba ya yanke wata magana ta gidan nan sai ya ce a tambaye ni.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, girmama na gaba ba ya nufin ka kauce duk lokacin da ya ce kauce. Akwai ranar da dole ka tsaya, ko da kai ne mafi ƙarancin murya a gida. Sai dai in ka ce a'a, ka shirya ɗaukar aikin da kanka, ka kuma yarda da asarar da za ta biyo baya. Na rasa gwaba, na kusa rasa yaya, amma da za a mayar da ni wannan safiyar, gaban wannan itacen zan sake tsayawa.