Na Goge Aikin Marigayi Isufu, Ya Ƙi Goguwa

Wallahi 'yan uwa abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi a majalisa ba, kuma duk ranar da na tuna sai raina ya ɓaci kafin ma tsoron ya zo. 'Yan shekarun baya ina aiki da wani kamfanin motocin fasinja da ke da ofishi a Zongon Wagadugu, masu zuwa Yamai. Kawuna direba ne a can, shi ya tsaya mini aka ɗauke ni bayan mai kula da kwamfutocinsu, wani Isufu, ya rasu. Ban taɓa ganinsa ba, sai dai kowa ya ce mutum ne mai taurin kai, Allah ya jiƙansa, amma dai ya ja mini.

Bari in yi muku bayani kaɗan. Kwamfutocin sayar da tikiti duka wata babbar kwamfuta da ake kira saba ke juya su, wadda muke haya a intanet, ba a ofis take ba. Aikinta ɗaya ne: ka faɗa mata yadda kowace kwamfuta za ta kasance, in wani ya taɓa ta maido da ita yadda ka ce. Ita kuma sabar, umarni nake aika mata a rubuce ta wata ƙofa da ake kira API, da mabuɗina na sirri. Da shi nake ƙirƙirarta, in haɗa ta da kwamfuta, in ma share ta gaba ɗaya.

To ashe Isufu ya sa wata doka a ciki. Duk Juma'a da an kusa huɗuba, allon masu tikiti sai ya kulle, rubutu ya fito: "A tashi a yi sallah." Ba ya buɗewa sai an sauko. Da ɗan mai kamfanin ya karɓi kujerar darakta, sai ya ce fasinja na tsayawa a rana, kuma akwai mata da waɗanda ba Musulmi ba masu aiki a kantar tikiti, in cire. Ni ban ga laifin maganarsa ba, na cire, na gwada, komai lafiya lau.

Juma'a ta zo, allo ya kulle.

Na koma na duba, ga dokar zaune daram kamar ba a taɓa ta ba. Na ce wataƙila ni na yi kuskure, na sake gogewa, na kashe tsohon mabuɗin Isufu, na canja nawa. Wata Juma'ar ma haka. Nan fa darakta ya kira ni a tsakar tasha, gaban direbobi da 'yan dako, gaban kawuna, ya ce yana surkawa da Faransanci, "Bon, kai ne ka fi kowa addini ko? Ka ce mini ka cire, ashe ƙarya kake." Na rantse masa da Allah, ya yi dariya. Jama'a, ni za a kira maƙaryaci a Zongo, inda kowa ya san gidanmu? Kawu ya sunkuyar da kai kawai, kuma wannan ya fi zagin yi mini ciwo.

Zuciya ta ɗebe ni na ce yau sai na ga ƙarshenta. Na raba kowace kwamfuta da sabar, na aika umarnin sharewa, har ajiyar da ake maido da ita na goge, amsa ta dawo cewa babu ita. Na gina sabuwa fil da hannuna. Sannan na roƙi darakta ya sayo sabuwar kwamfuta daga wani shago a unguwar Paspanga, a buɗe kwalinta a gabansa ranar Juma'a, kada a haɗa ta da komai. Da rana tsaka muka zauna, zafi kamar a gasa mutum, shi da ni da Mariyama mai sayar da tikiti, shi da kansa ya yaga ledar ya kunna.

Ladan na ɗaga murya, allon masu tikiti ya kulle. Muka juyo kan sabuwar, wadda ko wayar intanet ba a soka mata ba, wallahi tallahi ga rubutun nan. Mariyama ta saki salati ta yi waje ba takalmi. Ni kuwa duk gashin jikina ya tashi, amma har ga Allah wani sanyi na ji a raina, na ce to yau dai gaskiyata ta fito.

Kun san abin da mutumin nan ya ce? Ya dube ni ya ce, "Kai da mai shagon kuka haɗa baki. Aje mabuɗin, se fini, aikinka ya ƙare." Ya gani da idonsa! Amma tunda ba ya iya korar wanda ke kabari, sai ya kori mai rai. Har yau akwai masu nuna ni a unguwa wai ni ne na yi wa kamfani asiri, kawu kuma ya daina zama majalisar tasha saboda kunya.

Bara na haɗu da Mariyama a kasuwa, ta ja ni gefe tana waige-waige. Ta ce an sauya ma'aikata, an sauya kwamfutoci, abin bai daina ba, sai ma ƙari da ya yi tun makon da na tafi. A ƙarƙashin kiran sallar yanzu akwai wani layi: "Ba yaron ba ne, ni ne." Duk Juma'a darakta na karanta shi, kuma har yanzu bai kira ni ba, bai je ya ba kawuna haƙuri ba.

Ni ban san mene ne ba, kuma ban nemi sani ba. Shawarata dai, in ka gaji aikin mamaci aka ce ka goge abin da ya bari, ka tara shaidu tun kafin ka sa hannu, ka yi masa addu'a. Ni mamacin ne kaɗai ya wanke ni, masu rai har yau sun yi gum.