Rigar da Inna ta ɗinka wa akwatin rezo

Shekarun baya can, a bazarar da sojoji ke tattara kayansu za su miƙa mulki ga farar hula, ni ma ina da nawa ɗan mulkin a Agiye: shago ɗaya, ordinater uku, wato kwamfuta, da allo a ƙofa da na rubuta "sibar", wato shagon intanet, da jan fenti. Ran shagon nan kaf yana cikin wani ɗan farin akwati mai ƙaho biyu da ake kira ruter, wanda ke karɓo rezo, wato layin intanet, ya raba wa ordinatocin. Na hannu na saye shi a Maraɗi, amma yadda nake ji da shi sai ka ce daga Makka aka kawo mini.

Ranar da mahaifiyata ta zo sa wa shago albarka, ta tsaya tana kallonsa yana ƙifta koren ido.

"Wanga ne ke kawo maka abinci?"

Na ce shi ne, Inna.

"Shi ne ka bar shi tsirara? Ko rediyon babanka riga gare ta."

Bayan kwana uku sai ga ta da riga ta yadi mai kauri, an yi mata ado da zaren ulu, har da ƙofofi biyu na ƙahonni. Na zura masa, na ɗaure tamau. Duk wanda ya shigo sai ya yaba, ni kuwa kai ya yi ta kumbura.

Da zafi ya kankama sai ruter ya tsiro da hali. Da safe lafiya lau. Rana na take tsaka sai koren idon ya koma ja, ya suma, ba ya farfaɗowa sai bayan la'asar. Na zagi kamfani, na zagi masu kuran, wato wutar lantarki, har 'yan siyasa na ɗora wa laifi, wai kiraye-kirayensu ne suka cinye rezon. Abin da dai ban taɓa yi ba shi ne in faɗa wa mutane gaskiya. Kullum maganata ɗaya ce: yanzun nan zai dawo.

Ana haka abokina ya zo. Tare muka yi lakol, wato makarantar boko, ya karanta aikin gona, amma rashin aiki ya kai shi koyarwa ta kwantaragi a Gangara, har muke ce masa Mushe, wato malam. Wani furoje ne, wato shirin bunƙasa noma, ya buɗe ɗaukar ma'aikata, irin shirye-shiryen da suka fara dawowa da aka ga zaɓe ya yiwu. Ta intanet kaɗai ake karɓar takardu, kuma ranar ƙarfe huɗu za a rufe. Labarin bai same shi ba sai ana gobe. Ya iso wajen sha ɗaya da rabi, ya jiƙe da gumi, dosiyen takardunsa cikin leda.

Kafin mu gama ɗaukar hoton takardun, ido ya yi ja.

Ya dube ni ya ce, "Aboki, gaya mini gaskiya. In abin ga ba ya yi, ga mota can tasha ta kusa cika, in tahi Maraɗi."

Na san ba zai yi ba. Mako uku ke nan ina kallon sumar nan, na san lokacinta kamar yadda na san lokacin salla. Amma akwai mutane a shagon, kuma a ce abokina ya tsallake sibar ɗina ya tafi na wasu? Sai na ji bakina yana cewa, "Haba Mushe, ka zo garinmu ka wuce ni? Zamna, yanzu-yanzu shina dawowa."

Don in daɗa riƙe shi, na hura gawayi na ɗora shayi. Kun dai san al'adarmu: wanda ya karɓi kofin farko ba ya tashi sai ya sha na uku, in ba haka ba ya raina mai shayi. Shi kuwa mutum ne mai kunya. Ya sha na farko idonsa na kan akwati. Na kashe ruter na kunna, na murɗa ƙahonni gabas, na mayar da su yamma, na hura wa waya iska. Muka yi azahar muka dawo, ya sha na biyu, ya fara kaɗa ƙafa. Muna ji ɗan kamashon tasha na ta kiran Maraɗi mutum ɗaya, Maraɗi mutum ɗaya. Ya yunƙura.

Na ce, "Na ukku hwa? Ga shi nan ya kusa."

Ya koma ya zauna. Har yau ina jin ƙarar motar nan da ta tashi.

Sai wajen biyu da rabi ya ajiye kofi ya ruga tasha. Motar da ke layi mutum biyu ne kacal a ciki. Ya zauna cikinta har huɗu ta buga ba ta cika ba. Wajen biyar ido ya koma kore, na je na kira shi muka aika, amsa ta dawo cewa an rufe. Ya mayar da takardunsa cikin leda a hankali, ya ce, "Ba rabona ba ne." Wallahi da ma marina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Kwana biyar bayan haka Inna ta biyo da safe, ta ga rigar ta yi datti, ta cire ta tafi da ita wanki. Ranar rezo bai ɗauke ba ko na minti ɗaya. Washegari ma haka. Da ta dawo da rigar na zura, kafin azahar ya suma. Na sa hannu ƙarƙashin yadin, sai na ji akwatin kamar dutsen guga. Ashe ƙananan ramukan da ke jikinsa na shan iska ne, mu kuma muka toshe su da ado. Da na yi wa Inna bayani ta riƙe baki.

"Kai! Ashe ni na shaƙe shi."

Na ce ba ke ba ce, Inna. Gaskiya kuma na faɗa. Ita riga ta ɗinka da zuciya ɗaya. Ƙaryar da ta hana bawan Allah shiga mota, ni na yi ta. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to ni na ja, amma abokina ruwan ya doka.

Sibar ya daɗe da mutuwa, tun da rezo ya koma aljihun kowa. Amma daga ranar na koyi cewa "ba ya yi" da bakina, ko da gaban mutum goma ne. Abokina ya ƙara shekara shida yana koyarwa a ƙauye kafin ya samu aikin da ya karanta. Na taɓa tattara ƙarfin hali na gaya masa cewa ranar na san rezon ba zai dawo ba. Ya yi murmushi ya ce ai tun a kofi na biyu ya gane.

Har gobe muna zumunci. In ya biyo Agiye yana tsayawa gidana, in ɗora shayi, mu yi hira mu yi dariya. Sai dai kofi biyu yake sha ya miƙe. Ni kuma ban taɓa samun bakin ce masa ya tsaya na uku ba.