Saniya Guda a Firiza, Wuta Ta Ɗauke

Wata rana, wata mata mai sana'ar dambun nama a unguwarmu ta samu aikin biki babba. Ta ce ita ba za ta bi ta hannun mahauta ba. Ta shiga mota har ruga, ta sayi saniya sukutum, aka yanka aka feɗe a can.

Araha kam ta samu, ba na musu.

Sai dai akwai ta da ɓoye-ɓoye. A buhuna ta shigo da naman, ta danna a firiza, ta ja ƙofa. Tsoronta kada maƙwabta su sa rai da kai da ƙafa.

Washegari taransifomar unguwa ta ƙone.

Ga zafin bazara, ga biki sai ƙarshen mako. Ta nemi ƙanƙara, an rigaye ta. Mai janareto ya ce ba fetur. Kafin azahar ruwan jini ya fara bin ƙasan firiza, ƙudaje sun fara sallama.

Duk jarinta ke nan, ga kuma uwar amarya da ta yarda da ita.

Ta hura murhu ita kaɗai, tana yanka tana kuka. Amma hannu biyu ina za su kai saniya?

Wallahi ta ba ni tausayi, duk da haushinta da nake ji.

Ta fita ko takalmi babu, ta faɗa gidan Gwaggo Lantana, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba su.

"Gwaggo, ki rufa mini asiri, nama zai lalace mini."

"Wane nama kuma, 'yar nan? Ba rogo kika ce mini ne a buhunan ba?"

Ta sunkuyar da kai.

Gwaggo ta miƙe. Ta ɗauki wuƙarta, ta bi gida gida tana kiran mata. Aka jera tukwane, wasu na yanka, wasu na suya.

Rabi aka ceto. Sauran ya riga ya yi kore.

Mai dambun da hannunta ta haƙa rami a bayan gida ta binne shi, gaban matan da ta hana ko tsoka ɗaya.

Darasi: Abin da kike ɓoye wa maƙwabta, ranar da zai ɓaci su za ki nema. Kada ki bari sai ya fara wari.

Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai buhun "rogo" a cikinsu.