Tangaran Arba'in da Ɗaya a Bangon Baba

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, gab da kiran sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran mahaifina, Malam Na'Allah Dogo Magini, a ɗakinsa na ginin ƙasa da ke cikin tsohon garin Kontagora. Ya rasu yana da shekara saba'in da tara. Ana yayyafi aka kai shi makwancinsa. Ni ce 'yarsa ta fari, Salihatu, kuma sai yau, kwana goma sha biyu da rasuwar, hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami.

Baba, mutanen gari da gini suka san ka. Mu 'yan gida da tangaran muka san ka. A shekarun da mutane suka shiga rushe sorayen kakanninsu suna gina na bulo, kai ake kira, domin kai ka san yadda ake sauke azara ba ta danne kowa ba. A tsakiyar rufin irin waɗannan soraye mutanen zamanin da sukan dasa faranti don ado. Yawanci tasa ce, amma jefi-jefi sai ka ci karo da tangaran fari mai zanen shuɗi: kifi, ko gada, ko tsuntsu a kan reshe. Kakan ce mana daga ƙasar Sin asalinsu yake, fatake da alhazan da suka je Makka a ƙasa ne suka shigo da su. Da ka ga irinsa sai ka ce wa mai gida ya bar maka shi, shi ne ladan aikinka. Ka dawo gida kana washe baki, Inna Ruka ta dube ka ta ce, "Malam, yau ma tangaran za mu dafa?"

Ina tuna yadda kake gwada su. Ka ɗaga faranti wa rana har mu ga inuwar yatsunka ta bayansa. Sannan ka ɗora shi a kan yatsu uku, ka ce mu yi shiru, ka ɗalle bakinsa da farce. Na gaske yakan yi wata siririyar ƙara mai daɗewa, ta zagaya ɗaki kafin ta mutu. Na jabu kuwa, ka ce, ƙwas yake yi ya kama bakinsa.

Ba ka taɓa kiran sunana ba. Kunyar 'yar fari ta hana ka. "'Yar nan" kake ce mini, kuma idan za ka yi mini magana bango kake kallo. Amma ni kaɗai ka yarda in riƙe faranti da hannuna, kuma tun ina ƙarama na gane abin da hakan yake nufi.

Alherinka ba ya jiran a roƙe shi. Duk bazara kakan zagaya unguwa kana duba katangun zawarawa da tsofaffi, inda ka ga tsaga ka dawo da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ka toshe, wani lokaci masu gidan ba su ma sani ba. Da bangon cocin su amininka, Baba Andarawus kafinta, ya tsage a Salka, mako guda ka yi a can kana yaɓe, ko ruwan shayi ba ka yarda an biya maka ba. Shekara arba'in kuna gardama kai da shi kan wanda sana'arsa ta fi, har ka tafi ba ku gama ba. Shi ne ma ya ƙera maka akwatin maɗacin da kake adana tangaran ɗinka.

Wannan akwati ɓarayi suka fasa a 1996, kana Zugurma wajen aiki, suka kwashe bakwai mafiya kyau. Da ka dawo kwana uku ba ka ci abincin kirki ba. A rana ta huɗu ka kwaɓa ƙasa, ka dasa arba'in da ɗaya da suka rage a bangon ɗakinka, layi-layi, tun daga kafaɗa har zuwa rufi. Ka ce yanzu duk mai son ɗauka sai ya fasa, kuma fasasshe ba ya da amfani ga ɓarawo. Gaskiya ka faɗa, ba a sake sace ko ɗaya ba. Sai dai tun daga ranar ba mu ƙara jin ƙarar nan ba, domin tangaran da ƙasa ta riƙe ko an ɗalle shi ba ya amsawa.

Baba, ka yafe mini in faɗi abin da ban iya faɗa a gabanka ba: ranar da ka dasa su, ka dasa kanka. Ƙanena Abdulfatahi ya gina muku gidan siminti, Inna ta koma, kai ka ƙi. Ya ce a yi wa ɗakin rufin kwano, ka ce bugun ƙusa zai girgiza bango. Ka je Hajji da damina, kullum sai ka bugo waya, kuma kafin ka tambayi lafiyarmu sai ka tambaya ko an yi ruwa, ko an share indararo.

Ni ma ka dasa ni. Shekara tara da suka wuce, da bangon gabas ya tsage, gwiwoyinka kuma suka daina hawa tsani, ka dubi bangon ka ce, "'Yar nan, kada a bar ɗakin nan ya faɗi." Na ce, "To, Baba." A wannan shekarar aka mayar da mijina Mahfuz aiki Minna. Ya tafi da yaran saboda makaranta, ni na tsaya. Sau biyu ina cike takardar neman canjin makarantar da nake koyarwa, sau biyu ina yaga ta. Kowace damina ina yawon neman maginin da har yanzu ya iya yaɓe da makuba mai hana ruwa cin bango, ina shimfiɗa leda, ina tara bokiti. Autata ta fara karatu ba ni na koya mata ba, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane. Mahfuz mutum ne mai haƙuri, amma bara ya daina tambayata yaushe zan zo, kuma wannan shirun ya fi tambayar tsorata ni.

Da ciwon ya tsananta a watan Yuli likita ya ce a kai ka Minna. Ka ce sai damina ta wuce. Na yi fushi da kai, Baba, har yanzu kuma fushin bai gama sauka ba. Ina ganin faranti ne suka hana ka magani, ko da yake na san kwana idan ya ƙare ya ƙare.

Bayan an yi sadakar uku na zauna a ɗakinka na fahimci halin da ka bar ni. Wanda na yi wa alkawari ya tafi, babu wanda zai ce mini na sauke. Abdulfatahi ya ce a kawo guduma a ɓamɓaro farantan, wanda ya fashe ya fashe. Na hana. In na bar su, sai in zauna gadin ɗaki har nawa kwanan ya ƙare. In na tafi, ɗakin ya faɗi a kansu kafin kaka. Na rasa ta inda zan fita.

A rana ta bakwai Baba Andarawus ya zo daga Salka yana dogara sanda. Ya zauna a bakin ƙofa, ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Salihatu, babanki ya bar mini magana. Ya ce shi ba zai iya faɗa miki ba, kin san shi da kunya."

Na ce, "Ina ji, Baba."

Ya ce, "Ya ce ƙarfe ba ya cire su. Ruwa ne. Ki jiƙa tsumma, ki zagaye bakin farantin, safe da yamma, kwana uku. Ƙasar da kanta za ta sake shi."

Na ce, "Ai in aka jiƙa bangon nan sau arba'in da ɗaya, ɗakin ba zai tsaya ba."

Ya ce, "Ya sani. Magini ne fa. Ya ce ɗakin ya gama aikinsa. Ya ce ki tafi wajen yaranki, kuma ki yafe masa, ya riƙe ki da yawa."

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kuka ba. Shekara tara muna kwana gida ɗaya, ni ke kai maka abinci, amma sai da ka bi ta Salka kafin maganar nan ta iso gare ni.

Na fara da mai zanen tsuntsu, wanda ka fara ba ni na riƙe ina ƙarama. Safe da yamma ina jiƙa tsumma a buta ina zagaye shi. Shekaranjiya da hantsi na sa yatsa a gefensa, sai kawai ya zamo cikin tafina, ko ƙwarzane bai yi ba. Saura arba'in, damina ba ta wuce ba, tsagar gabas kuma kullum ƙara buɗewa take yi. Ban sani ba ko zan riga ruwa. Amma na wanke wannan ɗaya, na kira Inna da Abdulfatahi, na ɗora shi a kan yatsu uku, na ce su yi shiru. Na ɗalle shi da farce. Baba, ya amsa. Shekara ashirin da tara yana cikin ƙasa, muryarsa ba ta canza ba. Inna ta rufe fuskarta da mayafi.

Na yafe maka, Baba, duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini fushina.

Ya Allah, bawanKa Na'Allah ya toshe tsagar gidajen bayinKa ba a roƙe shi ba, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa musu. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljannar Firdausi ce gidansa na ƙarshe. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Ruka da ke cikin takaba, da Abdulfatahi da sauran ƙannena, da jikokinsa, da Baba Andarawus wanda ya rasa abokin gardama. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.